Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Kwamitin Tsare-tsare Kan Batun Auna Aikin Malamai

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron manema labarai da ka kira don gabatar da sabon kundin manufofin jami'armu, ka ambaci sunana. Ka ce tunda na miƙe a majalisar malamai na ƙi amincewa da tsarin ba da maki, to in fito in gaya wa jama'a abin da nake tsoro idan aka auna aikina, in kuma faɗi hujjar da nake da ita ta karɓar albashi daga harajin talakawa alhali ba na son a tambaye ni abin da na tsinana. Sannan ka rufe da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A bainar jama'a ka yi tambayar, don haka a bainar jama'a zan amsa.

Karin maganar nan ita ta fi yi mini ciwo, kuma ka san wanda ake yi wa ita. Ɓarawo ake yi wa. Ka zaɓe ta ne da gangan don mai sauraro ya tafi da cewa akwai abin da nake ɓoyewa. To me zan ɓoye? Duk maƙalar da na rubuta tana nan a mujallar da ta buga ta, da sunana a kai, kowa na iya karantawa ya ƙaryata. Babu matakin ƙarin girma da na taka sai da aka aika ayyukana ga farfesoshin wasu jami'o'i waɗanda ban san ko su wane ne ba, suka karanta suka yanke hukunci. Duk kuɗin bincike da na taɓa karɓa sai da na yi takara da wasu, na kuma kawo rahoton yadda na kashe shi. Ɗaliban da na duba kundin digirin digirgir ɗinsu suna koyarwa a jami'o'i, har da wanda ke zaune a kwamitinka. Ka tambaye shi ko ya taɓa ganin na kawo masa sakamakon gwaji ba tare da na sake aunawa ba. Ni malamin kimiyyar ƙasar noma ne. Awo shi ne sana'ata, kuma sana'ar ce ta koya mini cewa kafin ka yarda da lamba, sai ka tambayi abin da na'urar ke aunawa a zahiri.

Abin da na ƙi a majalisa a rubuce yake cikin bayanan zaman, amma zan maimaita saboda waɗanda ba su gani ba. Kundinku ya ɗora wa kowane malami adadin maƙala iri ɗaya a shekara, ko a wane fanni yake. Ya ce za a ba maƙala maki gwargwadon ma'aunin tasirin mujallar da ta fito a ciki, wato lissafin yawan yadda masana ke ambaton maƙalun mujallar a nasu rubuce-rubucen. Ya kuma sa hawa jadawalin jami'o'in duniya ya zama babban burin jami'a, sannan ya ɗaure ƙarin girma da alawus da rabon kuɗin sassa a kan waɗannan maki. Wannan ɗaurin shi na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana.

Dalilina shi ne an riga an gwada wannan hanya a wurare da yawa, kuma an ga inda take kaiwa. A shekarun 1990 Ostireliya ta sa yawan maƙalu cikin lissafin kuɗin da gwamnati ke raba wa jami'o'i. Binciken da Linda Butler ta wallafa a 2003 ya nuna maƙalu sun ƙaru sosai, amma ƙaruwar ta fi yawa a mujallun da ba a cika ambaton ayyukansu ba. Malamai ba su zama malalata ko mayaudara ba. An ce musu yawa ake biya, sai suka kawo yawa. A ƙasar Sin jami'o'i sun daɗe suna biyan malami kuɗi a hannu kan kowace maƙalar da ta shiga manyan mujallu, har sai da ma'aikatar ilimi da ta kimiyya suka ba da umarni a 2020 a daina. Kafin nan masana'antun ƙirƙirar maƙalun bogi sun riga sun kafu a duniya, ana sayar da gurbin suna a kan binciken da ba a taɓa yi ba. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000, sama da 8,000 daga cikinsu daga mujallun kamfanin Hindawi. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, Charles Goodhart, ya lura da wannan tun 1975 a harkar kuɗi: da zarar hukuma ta mai da wani ma'auni abin da ake hukunci da shi, sai ya daina nuna abin da yake nunawa a da.

Shi kansa ma'aunin tasirin mujalla da kuka dogara da shi, Eugene Garfield da abokin aikinsa sun ƙirƙire shi ne don zaɓen mujallun da suka cancanci shiga kundin ambato, daga baya dakunan karatu suka riƙa amfani da shi wajen sanin wadda za su saya. Lissafinsa mai sauƙi ne: sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga cikin shekara biyu da suka wuce, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke jawo mafi yawan ambaton, sauran suna cin albarkacinsu. Saboda haka ba ya gaya maka komai tabbatacce game da maƙala guda, balle malami guda. Wannan ne ya sa masana da editoci suka tsara Sanarwar San Francisco, wato DORA, a 2012, suna cewa kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma. Jami'o'i da hukumomin ba da kuɗin bincike da dama sun sa mata hannu. Kundinku bai ambace ta ko sau ɗaya ba.

Sai batun sa wa kowa adadi ɗaya, wanda ya fi damuna saboda matasan malamai. Mai nazarin ƙwayoyin halitta yana iya fitar da maƙalu da yawa a shekara tare da tawaga babba, kuma a fanninsa ambato na zuwa da sauri. Masanin lissafi yana iya shafe shekaru a kan hujja guda. Masanin tarihi littafi yake rubutawa, kuma ma'auninku bai san littafi ba. A fannina, idan kana son sanin ko wata hanyar noma na gina ƙasa ko tana cinye ta, damina ɗaya ba ta ba ka amsa. Gwajin alkama na Broadbalk a cibiyar Rothamsted ta Ingila an fara shi a 1843, kuma har yau ana koyon sabon abu daga gare shi. Matashin da aka ce masa ƙarin girmansa na rataye da lissafin bana, ba zai soma gwaji mai dogon zango ba. Zai nemi ƙaramar tambaya mai saurin amsa, ya yanka sakamako ɗaya gida uku. Ban ga laifinsa ba, iyali gare shi. Masanin kimiyyar fiziks Peter Higgs na Jami'ar Edinburgh, wanda ya yi hasashen wanzuwar wata ƙwayar zarra a 1964 kuma ba a tabbatar da shi ba sai 2012, ya faɗa a shekarar da ya karɓi kyautar Nobel, 2013, cewa a tsarin yau da wuya a ɗauke shi aiki, don za a ce ba ya fitar da maƙalu isassu.

Game da jadawalin duniya, ina roƙon ka duba abin da ke cikinsa kafin ka mai da shi alƙiblarmu. Jadawalin Shanghai, wanda aka fara a 2003, yana ba da kashi 30 cikin ɗari na makinsa ga masu kyautar Nobel da lambar yabo ta Fields ta masana lissafi a cikin malamai da tsofaffin ɗalibai. Wasu jadawalan kuma kaso mai tsoka na makinsu daga jin ra'ayi ne kan wace jami'a ta yi suna. Babu wanda ke tambayar ko ɗan talakan da ya shigo da rauni ya fita da ilimi. Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, wadda ba a bayan layi take ba, ta ƙi miƙa bayananta ga jadawalin Times Higher Education a 2023. Mu kuma muna shirin karkatar da kasafinmu don mu shiga.

Ka tambayi hujjata ta cin kuɗin jama'a. Tambaya ce mai kyau, kuma daga ita ya kamata kundinku ya fara. Jama'a na riƙe da jami'ar bincike ne don ta koyar da 'ya'yansu, ta horar da masu bincike na gobe, ta binciko abin da kamfani ba zai zuba kuɗi a kai ba saboda ribarsa na nesa, ta kuma faɗa wa gwamnati gaskiya idan an tambaye ta. Daga nan ake fitar da manufa, sannan a nemi ma'aunin da ya dace da kowace. Na miƙa wa kwamitinka shawara a rubuce kan haka. Na ce kowane sashe ya rubuta burinsa na shekara biyar, ya kare shi a gaban ƙwararru daga waje. Malamin da ke neman ƙarin girma ya zaɓi 'yan ayyukansa mafi kyau, ya bayyana abin da suka ƙara, a karanta su. A bi sawun ɗalibai: nawa suka shiga, nawa suka gama, cikin shekara nawa, ina suka tafi, tare da duba halin da suka shigo da shi, domin tun da jihar Tennessee ta Amurka ta fara ɗaure kuɗi da sakamako a 1979, darasin da aka yi ta samu a irin wannan tsari shi ne makaranta na iya gyara alƙalumanta ta hanyar ƙin ɗaukar ɗalibi mai rauni. Lambobi su zo teburin, amma su taimaka wa masu hukunci, kada su maye gurbinsu. Tsarin tantance bincike na Birtaniya, REF, haka yake tafiya: a zagayen 2021 kwamitocin ƙwararru ne suka karanta ayyukan, ba a karɓi fiye da biyar da sunan mutum ɗaya ba, kuma kashi 25 cikin ɗari na makin ya tafi ga tasirin bincike a rayuwar jama'a. Yana da tsada, an kiyasta zagayen 2014 ya ci kusan fam miliyan 246, kuma yana da masu suka. Amma karatu ake yi. Wannan shawara tawa ta fi taku tsauri, don wanda ya tara maƙalu marasa amfani ba zai tsira a cikinta ba. Ba ka ambace ta a gaban 'yan jarida ba, ko da yake sakatarenka ya sa hannu ya karɓa.

Maganar cewa mu tsofaffi tsoron kwamfuta muke yi ba ta cancanci dogon bayani ba. Da ita nake nazarin bayanan gwajina kullum. Cewa kamfanoni haka suke auna ma'aikatansu kuwa, kamfani ya san ribarsa a ƙarshen shekara, jami'a kuma amfanin aikinta kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana.

Ranka ya daɗe, ina girmama kujerarka, amma dole in faɗi abin da na gani. Ka yi wannan tambaya ana saura 'yan kwanaki majalisar gudanarwa ta kaɗa ƙuri'a kan kundin, kuma ka zaɓi mutum ɗaya ka nuna da yatsa don sauran da suka goyi bayana su yi shiru. Wa'adinka a kwamiti ya kusa ƙarewa, kuma hawa jadawali abu ne mai daɗin rubutawa a rahoton miƙa mulki. Kamfanin da ya taimaka muku rubuta kundin shi ne kuma zai sayar wa jami'a manhajar tara makin. Ban ce ka ci wani abu ba, don ba ni da hujja, kuma ba zan yi maka abin da ka yi mini ba. Amma majalisar malamai ta nemi ganin yarjejeniyar, har yau ba a kawo ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, a kundin nan mai shafuka masu yawa, duk ma'aunin a kan malami yake. Babu layi ɗaya da ke auna hukumar gudanarwa. Wata nawa kuɗin binciken da malami ya nemo da guminsa ke kwana a asusun jami'a kafin a sake masa shi? Tsawon wane lokaci na'ura ke zaune a lalace a ɗakin gwaje-gwaje kafin a sa hannu a takardar gyara? Ɗalibai nawa ke gaban malami ɗaya a ajin shekarar farko, kuma ofisoshin daraktoci nawa aka ƙirƙira a daidai lokacin da aka ce babu kuɗin ɗaukar sababbin malamai? Ɗalibin digirin digirgir wata nawa yake jira bayan ya miƙa kundinsa kafin a kira mai jarrabawa daga waje? Duk waɗannan ana iya ƙirga su cikin sauƙi, sun ma fi ingancin bincike sauƙin ƙirgawa, kuma su ne ke hana aikin da kuke cewa ba ma yi. Matasan malamanmu masu hazaƙa suna tafiya, kuma babu wanda ya zaunar da su ya tambayi dalili.

Na umarci sakataren sashenmu ya aiko maka da jerin ayyukana da na ɗalibaina, ka miƙa su ga duk ƙwararrun da ka ga dama daga kowace jami'a, a kuma wallafa hukuncinsu ko da bai yi mini daɗi ba. Ni kuma ina neman ka kawo yarjejeniyar kamfanin nan gaban majalisar malamai, ka saka ma'aunan hukumar gudanarwa cikin kundin, ka kuma ɗage ƙuri'ar har sai sassa sun tattauna shawarar da na miƙa. Idan kundin ya dawo majalisa yadda yake, zan sake miƙewa in ƙi shi.

Wassalam.

Naka,
Farfesa a Sashen Kimiyyar Ƙasar Noma