A Kawo Mana Na'urar Duba Cikin Tumaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai. Ni mace ce mai ɗan kiwo a cikin gida a nan Kumo, da tumaki nake biyan kuɗin makarantar yarana tun rasuwar mahaifinsu.

Bara da kaka na sayar da wata Balama da na kai barbara har sau biyu ban ga alama ba. Na ɗauka juya ce. Dillali ya taya, na sallama da araha. Kwana biyu sai ga mahaucin da ya saye ta, wanda maƙwabcinmu ne, ya yi sallama ya ce, "Hajiya, 'yan tayi biyu na tarar a cikinta." Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba. Uwa da tagwaye na miƙa wa wuƙa da hannuna.

Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 150 ko ƙasa kaɗan, amma ido ba ya gane shi sai tafiya ta yi nisa, hantsa ta fara sauka. An ce wadda ba ta ɗauka ba tana sake neman rago duk bayan kwana 17. To, mu da ba mu da rago a turke, ta ina za mu lura?

Bana ɗan yayata da ya karanta likitancin dabbobi a Maiduguri ya zo da na'urar sikanin ta aro, irin wadda ake duba mata a asibiti, sai dai ƙarama ce mai batir. Ya shafa wani mai mai yauƙi a gefen hantsa inda babu gashi, ya ɗora kan na'urar a wurin. Ba allura, ba yanka. Sauti take turawa wanda kunne ba ya ji, ya dawo ya zama hoto. Da idona na ga zuciyar ɗan tayi tana motsi. Ya ce ta wannan hanya daga kwana 40 da barbara ana gani, kuma tsakanin kwana 45 da 90 ake iya ƙirga ko ɗaya ne ko biyu. Cikin tumakina bakwai, huɗu na da ciki, guda da tagwaye.

Nan take na san wadda zan ware. Yawancin girman ɗan tayi a mako shida na ƙarshe yake, don haka mai tagwayen ita na fi zuba wa dusa da kowa da harawa, saboda yunwa a lokacin kan kwantar da uwa ta kasa tashi. Ya kuma hana ni ba mai sabon ciki maganin tsutsa na albendazol, wai yana iya lalata ɗan. Shekaru nake ba su ban sani ba.

Roƙona ga hukumomin kiwo na Gombe da Bauchi, da ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya da aka kafa a 2024: a ajiye na'urar nan a ofishin malaman dabbobi na kowace ƙaramar hukuma, a koya musu aiki da ita, a riƙa fitowa da ita kara ranar kasuwa da bakin mayanka. Ba kyauta muke nema ba. A sa kuɗi daidai ƙarfin talaka a kan kowace tunkiya, ni zan fara jawo nawa.

Wata mai kiwo,
Kumo, Jihar Gombe.