Zuwa ga Abba, a kan maganar filin nan

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya ƙafar? Mahaifiyarka ta ce ka daina ce mata ta warke, ta ga ɗingishinka ranar suna.

Saƙonka ya iso. Ka ce wani mutum a Marwa zai sa sunanka cikin tsofaffin sojojin da gwamnati za ta raba wa fili in ka ba shi jaka ɗari uku. Ko dala kada ka ba shi. Ce masa ya nuna maka takardar da ta ba da wannan umarni, da lambarta, da sa hannun da ke kanta. Nan take za ka ga sauri ya kama shi.

Na san abin da ke cin ranka. Tun da yaƙin Boko Haram ya shigo mana Kamaru a 2014 kake tsakanin Mora da Kolofata da Amcide, ka kwana a rami, ka ɗauki gawar abokanka, ka dawo da ƙarfe a cinya. Kana ganin ƙasa ta ci bashinka. Ta ci, ban musa ba. Sai dai mu uku ke nan a gidan nan da muka sa kaki, kuma ba wanda aka taɓa kira aka ce masa ga gona ladan jininka.

Kakanka mai sunanka, Allah ya jiƙansa, ya bi Laklar, hafsan sojan Faransa, daga Fort-Lamy, wadda ake kira Injamena yanzu, suka keta hamada har Kufra a Libiya, garin ya faɗa hannunsu ranar 1 ga Maris 1941. Abin da ya dawo da shi lambar yabo ce da ɗan littafin soja. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojinta na Afirka, kuɗin ya tsaya cik rayuwa tana tsada. Sai a 2011 aka gama daidaita shi da na Faransawa, a lokacin ya daɗe a ƙasa. Littafin kuwa gara ta cinye shi a cikin adaka. Ranar da muka buɗe, gari muka tarar.

Nawa wautar ta fi tasa. Da na dawo daga Bakasi na yi ritaya, sai na kai wa wani jauro, wato mai gari, goro a wajen Ngong, ya miƙa hannu ya ce daga tsamiyar can zuwa rafi naka ne. Na sare, na tone kututture, damina huɗu ina noma masara da auduga. Rana ɗaya wani ya zo da masu awo da takardar mallaka, titir fonsiye, suka kafa duwatsun iyaka a tsakiyar audugata. Na tsaya ina ba su labarin fadamar Bakasi da sauronta. Sun saurare ni da ladabi, suka ci gaba da awonsu.

To ga yadda abin yake. Tun dokar filaye ta 1974, duk filin da ba shi da takarda yana ƙarƙashin kulawar gwamnati. Wanda yake zaune ko noma a wuri tun kafin 5 ga Agusta 1974 yana iya neman takardar mallaka kai tsaye. Kai ba a haife ka ba ma a lokacin, don haka hanyarka ita ce konsesiyo, wato ka nemi gwamnati ta ba ka fili. Za ka rubuta buƙata ka faɗi aikin da za ka yi a wurin. Kwamiti zai fita ya duba, sufirefe, jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, shi ne shugabansa, a ciki akwai sarkin garin da dattawansa biyu. In sun yarda, aro za a fara ba ka, wanda ba ya wuce shekara biyar, sai an ga ka raya wurin sannan a yi maganar tabbatar maka. Ƙasa da hekta 50 minista ke sa hannu, abin da ya haura sai shugaban ƙasa. Kai da hekta uku za su ishe ka, kada ka nemi abin da zai fi ƙarfin ƙafarka da aljihunka.

Ka lura da dattawa biyun nan, don su ne suka san kabarin kakan wa ke ƙarƙashin wace bishiya. Ranar da za ka je gaishe su, bar kaki da lambobi a gida, sa babbar riga, ka zauna a tabarma. Manomin da ya yi shiru don tsoron soja bai yafe ba, 'ya'yanka zai jira. Ka tambaya ko burtali ya ratsa wurin, ko ya shiga iyakar gandun dajin Binuwai da wuraren farautar da ke kewaye da shi. Ka kuma je ka gan shi da idonka a watan Agusta. Fili da rani duk kyakkyawa ne.

Takardunka na soja suna da nasu amfanin: fansho, haƙƙin rauni, katin tsohon soja. Wannan ka bi shi da ƙarfinka, haƙƙinka ne ba roƙo ba. Ka yi kwafi uku na komai, har takardar likitan da ya yi maka aiki, ɗaya ka kawo nan in ajiye a akwatin ƙarfe.

Ka zo bayan salla mu je wurin lawan tare, ya san ni tun wancan rikicin. Mahaifiyarka ta ce ka taho mata da albasa, ta Garwa ta yi tsada bana. A shafa min kan yara.

Mahaifinka,
daga Garwa