A bar wa wasan hoki manyan filayensa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, ina son in yi tsokaci kan rahotonku game da yadda jami'o'in Amurka ke rage faɗin filayen wasan hoki na ƙanƙara. Jami'ar Minnesota ta yi hakan a 2023, ta mayar da faɗin filinta daga ƙafa 100 zuwa 89, kusa da ƙafa 85 na gasar ƙwararru ta NHL.

Na fahimci dalili: a filayen NHL ake buga wasannin ƙarshe na gasar jami'o'i. Amma duk mai kallo ya san ƙaramin fili na sauya salon wasa. Jiki ke haɗuwa da jiki a jikin katanga, ana harba faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo cikin gaggawa, mai ƙarfi ya rinjayi mai dabara. A faffaɗan fili kuwa, ɗan wasa na samun sararin ɗaga kai ya miƙa wa abokinsa, kuma a nan ne matasa, musamman masu ƙaramin jiki, ke goge basirarsu.

Don haka ina kira ga hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, da kada ta tilasta awo ɗaya, jami'o'in da har yanzu ke da manyan filaye kuma su riƙe su.

Naku,
Wani mai bin jaridarku