Rahoton Ayyukan Shekara: Kayan Wasa Daidai da Shekarun Yara

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, iyaye da malamai.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti aiki guda, cewa a daina cakuɗa manya da ƙananan yara a kan kayan wasa ɗaya. Ga inda aka kwana.

Mun zaga filayen da ke hannunmu da tef ɗin awo. Ma'aunin da muka bi shi ne na hukumar CPSC ta Amurka mai kula da kare jama'a daga haɗarin kayan amfani, wadda ta kasa yara gida uku: 'yan wata 6 zuwa 23, 'yan shekara 2 zuwa 5, sai 'yan 5 zuwa 12. A kan haka muka raba kowane fili, muka sa shinge tsakani. Masu rarrafe da masu tatata suka samu ramin yashi, da matakala gajeru, da lilo mai kujera kamar bokiti da ke riƙe ƙugu. Tsanin nan na sama da ake rataya a bi da hannu mun mayar da shi ɓangaren manya, domin ɗan ƙasa da shekara 4 bai da ƙarfin damtsen da zai ɗauki nauyin jikinsa. Ya ga yayansa ya yi, shi ma zai hau, sai ya saki a tsakiya.

Abin da ya fi ci mana lokaci shi ne ƙasan kayan. Faɗuwa ce kan gaba wajen raunata yara a filin wasa, kuma yawancin kayan da muka tarar a kan siminti ko busasshiyar ƙasa aka kafa su. Ƙa'idar Turai ta kayan filin wasa, EN 1176, ta ce duk inda yaro zai iya faɗowa daga sama da santimita 60, dole a shimfiɗa abin da zai tare shi. Mun fasa simintin, muka zuba yashi mai kaurin santimita 30, tunda yana dannewa da amfani. Ku duba ƙarƙashin lilo, nan ne ƙafafu ke kwashe yashin har ya zama rami, shi ya sa muka sa a riƙa mayar da shi da shebur duk mako. Gaban lilo da bayansa kuma mun bar sarari ninki biyu na tsayinsa.

Wani haɗarin ido ba ya kama shi. Duk tazarar da ke tsakanin santimita 9 da 23 a jikin shinge ko tsani, jikin ƙaramin yaro zai wuce amma kansa ya maƙale. Mai walda ya toshe duk waɗanda muka samu, ya matse bakin ƙugiyoyin sarƙa, ya yanke kan notin da ya fito. Abin zamiya na ƙarfe mun yi masa rumfa saboda yadda rana ke gasa shi.

An ɗan yi fenti, an canza sarƙoƙin da suka yi tsatsa.

Zaman da muka yi da iyaye ya yi armashi. Da yawa ba su taɓa jin cewa zamewa da yaro a cinya na iya karya masa ƙafa ba, idan takalminsa ya kama gefe nauyin babba ya ci gaba da turawa. Mun kuma roƙi a cire igiyar wuyan riga kafin yaro ya hau komai.

Wasu membobi sun so a sayo sabon majuyi, wato abin wasan nan da ke juyawa da yara. Kwamiti ya ga gyaran ƙasa ya fi gaggawa, kuma har yanzu ra'ayinmu ke nan.

Inda muke baya shi ne yara masu buƙata ta musamman. Keken guragu ba ya tafiya a yashi, ga shi Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 bai ware kowa daga 'yancin wasa ba. Muna neman amincewarku a wannan zama a shimfiɗa hanyar roba daga ƙofa zuwa lilo, kuma muna buƙatar masu sa kai da za su karɓi duban mako-mako.

Sakataren kwamiti