Wasiƙa zuwa ga Aboki Mai Shirin Zuwa Shimla

Ya abokina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Bayan haka, tun da ka ce za ka ziyarci Shimla ta ƙasar Indiya a wannan hutu, ina so ka ba tsofaffin hotunan garin lokacinka, domin akwai abin da ya daɗe yana damuna game da su.

A shekarar 1864 Turawan Ingila suka mayar da wannan gari, mai tsayin kimanin mita 2,200 a kan duwatsun Himalaya, hedikwatar mulkinsu ta lokacin zafi. Shekara guda kafin nan wani Baturen Ingila mai ɗaukar hoto, Samuel Bourne, ya iso, ya buɗe gidan ɗaukar hoto wanda daga baya ya shahara da sunan Bourne da Shepherd. Aikin ba mai sauƙi ba ne a lokacin, don a kan faifan gilashi ake ɗauka, a shafa masa magani, a ɗauka a wanke tun bai bushe ba, kuma dole wanda ake ɗauka ya tsaya cik, ko motsi kaɗan ya yi sai fuskarsa ta dushe. Daga baya Indiyawa ma suka ƙware, musamman Lala Deen Dayal, wanda Nizam, wato sarkin Haidarabad, ya ba sarautar Raja.

To, hanyoyin Shimla ƙanana ne masu hawa da gangara, kuma a zamanin Turawa, a babban titinta manyan jami'ai uku kaɗai aka yarje wa shiga da keken doki. Sauran masu hali sai su hau keke mai ƙafa biyu wanda mutum huɗu ke sarrafawa, biyu suna ja ta gaba, biyu suna turawa ta baya. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso daga garin Kalka a 1903, cikin gari dai ƙarfin ɗan Adam ne abin hawa.

Waɗannan mutane su ne damuwata. Za ka ga Baturiya ta hakimce a kujera da lemarta, su kuwa suna tsaye da rawani da kaya iri ɗaya na gidan ubangidansu, sau da yawa ba takalmi, hannuwansu riƙe da sandunan keken. Ita ta biya kuɗin hoton, sunanta ake rubutawa, amma su ma sun tsaya cik ɗin nan, har fuskokinsu suka fito sarai. A ganina hoton nasu ne kamar yadda yake nata, kuma rashin adalci ne a ɗauke su tamkar wani ɓangare na keken.

Don Allah, idan ka shiga gidan tarihi ko shagon masu sayar da tsofaffin hotuna, ka duba bayan kowanne ko an rubuta sunan ɗaya daga cikinsu ko ƙauyen da ya fito, ka rubuto mini.

Mutanen gida suna gaishe ka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.

Naka har kullum.