Kira ga kafintocin Jos: mu duba wayar injinanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana kafintoci da masu injin katako na nan Jos, tun daga Kasuwar Katako ta Laranto har shagunan cikin unguwa. Shekarata 22 a wannan sana'a, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a shagona ya faru, a kan idona.

Wata Laraba da hantsi muna cikin tsaga katako aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya, kowa ya nemi wuri ya zauna. Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a hannuna ya ga garin katako ya taru a gindin zarto, ya sa hannu yana kwashewa. Babu wanda ya tuna makunnin yana nan a kunne. Sai aka kawo wuta. Kafin in buɗe baki in ce "kai!" zarton ya ɗauka, ya tafi da yatsunsa biyu na hannun dama. Har yau idan na gan shi yana fama da maɓallin rigarsa sai in kau da kai, kuma ban iya haɗa ido da uwarsa ba sai bayan makonni.

Mun ce ƙaddara ce, kuma mun yarda da ƙaddara. Amma da wani dattijo da ya tsufa a aikin lantarki ya zo yi mini jaje, ya leƙa bangon shago, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wa ya haɗa maka wannan?" Makunnin da wanda ya yi mini wayarin ya sa, irin mai hannun nan ne da ake ɗagawa a sauke, inda ka bar shi nan zai zauna. Baba ya ce inji mai haƙori ba a haɗa shi sai da sitata mai maganaɗisu, wadda ke da koren maɓalli da ja. Da an ɗauke wuta ita da kanta take saki, ko an dawo da wutar injin ba zai motsa ba sai mutum ya danna koren da hannunsa. A ƙasar da ake ɗauke wuta a kawo sau da yawa a wuni, wallahi ban ga abin da ya kai wannan muhimmanci a shagon kafinta ba. Kuɗin da na saye ta bai kai abin da na kashe a daren farko a asibiti ba.

Daga nan ya bi wayar kaf. Moton injin fere katakona mai kilowat 7.5 ne, a kan layi uku na bolt 400. Yana cikin aiki yakan ja kusan amfiya 15, amma a lokacin tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na haka. Ni kuwa da siririyar waya ta milimita 1.5 aka ja masa wuta, wadda ake sa wa ƙwan fitila, kuma daga nesa. Ya ce in taɓa. Na taɓa, da zafi rau, robar har ta fara tauri tana tsattsagewa. Fis ɗin ma tuni wani ya cire shi ya naɗa igiyar tagulla a gurbinsa don kada ya riƙa yankewa, ke nan ranar da abu ya ɓaci wayar ce za ta ci wuta maimakon fis.

Ya kuma warware mini abin da ya daɗe yana cin aljihunmu. Idan layi ɗaya cikin ukun ya faɗi, moto ba ya tsayawa, sai ya ci gaba da gurnani a kan biyu har koyil ya ƙone, mu kwasa mu kai wa masu naɗi muna zargin inji. Ashe akwai ɗan abin da ake liƙawa a sitata ya yanke wutar da zarar layi ya faɗi. Wayar ƙasa kuwa, wadda ake ɗaura wa jikin inji a kai ta ga sandar da aka binne, babu ita sam a shagona. Shi ya sa da damina teburin ƙarfen yake ɗan jan mutum, mu kuma muna cewa halinsa ne.

Ga garin katako cike da akwatin makunnin da ba shi da murfi. Da hunturun Jos komai ya bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa, shagunanmu kuwa jikin juna suke. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002 ya san abin da nake tsoro.

Malam Edita, akwai hukumar NEMSA da dokar 2015 ta kafa, ita ke duba aikin haɗa lantarki tana ba masu yin sa takardar shaida. Yawancinmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Ina roƙon ta shigo kasuwanninmu da gidajen rediyo ta yi mana bayani da Hausa. Shugabannin ƙungiyoyin kafintoci kuma su sa doka: kada a kunna sabon inji sai an ga sitata mai sakin kanta da wayar ƙasa, kuma duk wanda zai ja mana waya ya nuna takardarsa tukuna. Ku ma masu wayarin, don Allah idan maigida ya ce a rage kuɗi a sa ƙaramar waya, ku ce ba za ku yi ba.

Na gyara injinana uku a watan da ya wuce. Duk kafintan da ke son ganin yadda sitatar take aiki, ya tambayi maƙwabcinsa mai ita ya kashe babban makunni ya mayar a gabansa, ya ga ko zarton zai motsa.

Naka,
Wani kafinta daga Laranto, Jos