Zuwa ga ƙawata, kan rigimar ɗan autanki

Assalamu alaikum ƙawata, ya gida ya yara, ya maigidan? Wlh an kwana biyu, ina ta kewarku.

Naga saƙonki, wai yaron nan ya addabe ki da kukan waya, in kin hana ya hau birgima har ki ji kamar kin zalunce shi. Ni dai a ganina abinda ke rikita mu shine kukan duk iri ɗaya ne, ko yunwa ce ko barci ko wayar kawai yake so da murya ɗaya zai yi miki, ke ce za ki rarrabe don shi bai iya ba tukuna, ɗan shekara 3 fa, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya danne zuciyarsa sai an haura shekara 20 yake gama girma.

Da yana jariri ai ba matsala, abinda yake so shine buƙatarsa, ya yi kuka a ɗauka kawai, ba shagwaɓawa bane. Yanzu ne abinda yake so da abinda yake buƙata suka rabu.

Ki lura da lokacin da yake tada rigimar. In da yamma ne ko dab da kwanciya, to yawanci gajiya ce, masu shekara 3 zuwa 5 suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana. Ita kuwa waya, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa 1 a rana, in bai kai ba ma yafi. Wani lokacin kuma ke yake nema, ya ga idonki na kan wayar ne shima ya ce sai ita, ki ajiye ki ɗora shi a cinya kiga ikon Allah.

Amma dan Allah in kin ce a'a ki tsaya a kai, kar ya yi kukan minti goma sannan ki miƙa, kin koya masa kenan gobe ya ƙara. Ki rarrashe shi, wayar dai babu. Kuma ban ce duk abin marmari a hana ba fa, yaro ne, wataran ki bashi haka kawai ba don ya yi kuka ba.

Ki shafa min kansa, ki gaida mutan gidan. Ki kira ni in kin samu sarari, akwai labari.

Taki har kullum.